Littafin kirari: inda aiki ya kwana

14 ga Janairu 2024

Yau na yaga shafi 41. Ba yagar fushi ba ce, zama na yi a tsakar gida cikin sanyin nan na hunturu na karanta duk abin da na rubuta tun watan Oktoba, sai na ga babu layi ɗaya da wani bai riga ni ba. Yarima ne an kashe ubansa, mugun waziri ya haye gado, akwai takobi ɓoye cikin kogo, akwai boka, akwai aljani mai kai bakwai, akwai gimbiya da in ta yi murmushi dare ke komawa rana. Na ba ƙanena ya karanta, ya kai shafi na 3 ya ce Yaya ai na san wannan, na ce a ina ka san shi, ya ce ko'ina. Yaron bai yi ƙarya ba, duk wanda ya taɓa hayar littattafan yaƙi ko ya saurari irin waɗanda ake turawa a memori zai iya ƙarasa mini shi ido rufe.

Ni da a zatona sabon abu a labarin al'ajabi, wanda Turawa ke ce wa fantasi, shi ne ka ƙara wa dodo kai, in na wancan bakwai ne naka ya zama tara. To na ƙara, kuma ba abin da ya canza. Na sayi sabon kaye, zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan don kada in sake yaudarar kaina wata uku.

2 ga Fabrairu

Jiya a filin kokowa na Kantu wani abu ya faɗo mini. Ba babbar gasa ba ce, 'yan unguwanni ne ke gwada ƙashi, amma akwai makaɗa. Wani yaro siriri, in ka gan shi a hanya ba za ka ce yana ɗaga buhun hatsi ba, maroƙi ya matso dab da kunnensa ya shiga zuba masa kirari, ya kira ubansa ya kira kakansa ya kira garinsu, wallahi ina kallo wuyan yaron ya kumbura ya kama tsuma, ya shiga ya kada wanda ya ninka shi jiki. Kowa a Maraɗi ya san wannan, tun kafin shi Kantun ya zama zakaran gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975 haka ake yi. Ina bisa kabu-kabu za ni gida unguwar Zariya sai na ce to in da gaske ne fa? In akwai garin da duk abin da maroƙi ya faɗa cikin kirari sai ya tabbata, ya ce maka giwa ƙarfin giwa ya shige ka?

Haka kawai ba labari ba ne, kowa sai ya ɗauki maroƙi ya zama sarki. Sai da na kwanta sannan rabin na biyu ya zo: abin da kirari ya ba ka ba daga sama yake faɗowa ba, daga jikin ɗan'uwanka na jini ake zare shi. Kai ka yi ƙarfi, wani a gidanku ya wayi gari ba ya iya ɗaga buta.

Da safe na gaya wa Kaka tana shan kunu. Ta yi dariya har da tari ta ce, mai gidan, wanga ai ba tatsuniya ba ta, wane gida ka gani an yi babba ba a tsotse wani ba? Na ce tsohuwa ke dai ba ki rasa magana.

20 ga Maris

Azumi ya hana ni rubutu da rana, sai bayan asham nake zama, kuma gaskiya ko babi ɗaya ban rubuta ba tukuna, tambayoyi kawai nake jerawa ina amsawa, shafi 30 ya tafi a haka, amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan karon ba.

Misali sarauta. A littafin da na yaga waziri kashe 'yan'uwan sarki yake yi. A wannan garin wauta ce ka kashe ɗan'uwanka, ai rumbunka ne. Don haka sarki yana da wani sashe can bayan fada inda yake ajiye 'yan ubansa, ana ba su fura da nama da tufafi masu kyau, ba mai dukansu ba mai zaginsu, amma duk ranar hawan salla da makaɗa suka buɗe baki sai a ji tari daga bayan katanga. Mutanen gari suna ce musu 'yan rumbu. Kuma kowane mai hali yana cika mata huɗu yana ta haihuwa, ba don son yara ba.

Sai maganar asali. Kirari ba ya kamawa sai maroƙi ya san sunanka na yanka da na uwaye da kakanni, kenan asalin mutum ya zama abin ɓoyo kamar kuɗi. A nan ne na yi tsalle, don alkunyar da uwa ke yi ta ƙin faɗin sunan ɗan fari, wadda muka tashi muka tarar, a garin nan ta zama garkuwa, uwa na ɓoye sunan ɗanta ne don kada a tsotse shi. Ban ƙirƙiri al'adar ba, dalili kawai na sauya mata, kuma tun ranar in na ji Inna ta ce "wancan yaron" tana nufin Yayanmu sai in ji wani iri.

Biki kuma, ranar da zabiya za ta yi wa amarya waƙa ƙannenta mata gudu suke yi su bar gari, da wanda ya ce nisa na rage abin da wanda ya ce ƙarya ne, ban yanke ba. Sannan shari'a, wannan ta fi ba ni wahala: mutum ya sa an yi masa kirari har ƙanensa ya rame ya mutu ya bar gona, zai ci gadonsa? Mun san wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, to amma wa ya yi kisan, shi ko maroƙin ko wanda ya ba da sunan? Babi guda cur zan ba alƙalin garin a kan wannan, kuma ina jin zai fi duk wani yaƙi da na taɓa rubutawa tada hankali. Su kansu maroƙan na bar su yadda suke a wurinmu, ana ba su doki da riga amma ba a ba su ɗiya, sai dai a can tsoro ya haɗu da rainin.

Yanzu na gane inda na ɓata a baya. Baturen nan na Ingila, Tolkien, malamin harsuna ne a Oxford, sai da ya ƙirƙiri harsuna tukuna ya gina musu duniyar da za a yi magana da su, babban littafin nasa ya fito a 1954 da 1955, masu kwaikwayo suka zo suka kwashi takubba da dodanni suka bar masa wahalar. Mu ma haka muka yi wa Dare Dubu da Ɗaya. Doka ɗaya tak na taɓa a duniyata, ga shi ta bi ni har kasuwa da ɗakin amarya da zauren alƙali.

15 ga Afrilu

Ƙanena da bakinsa kamar rariya ya kai labari gidan Kawu. Na je gaisuwar salla, ina durƙushe ko tashi ban yi ba ya ce, ɗana, an ce mani littahin bokaye kake rubutawa. Na ce Allah shi daɗe da ranka Kawu, ko boka ɗaya babu ciki. Na yi masa bayani, ya yi shiru, ya ce to ai wannan ya fi muni, ka ba bakin ɗan Adam ikon ya ce kasance abu ya kasance, wannan na Allah ne shi kaɗai.

Ban ɗauki maganar da wasa ba, Kawu mutum ne mai karatu kuma ba don ƙiyayya ya faɗa ba. Na ce masa Kawu, da Kaka ke ce mana ga ta nan ga ta nanku Gizo ya yi magana da Ƙoƙi, akwai wanda ya tashi da imanin gizo-gizo na magana? Na kuma tuna masa cewa wanda ya rubuta Ganɗoki, Malam Bello Kagara, malami ne har alƙalanci ya yi a Katsina, kuma littafin daga gasar rubutun littattafan Hausa ta 1933 ya fito tare da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Ni abin da ke burge ni ma, a lokacin Turawa ke mulki, ofishinsu na Zariya ne ya buga, amma ga jarumin da ya yaƙi Turawa sannan ya wuce duniyar aljanu ya ci gaba da jarumtarsa. Abin da ba ya faɗuwa a fili, ta ƙofar aljanu aka shigo da shi. Kawu bai ce ya yarda ba, ya dai ce in rubuta a shafin farko cewa ƙage ne, kuma kada in sa wata addu'a ko aya a bakin maroƙan. Na amsa duka biyun, na biyun ma gyara ne ya yi mini.

A ɗaya gefen kuma wani abokina cewa yake me ya sa ba zan zuba Jangare, birnin iskokin bori, ciki ba, ga Ɗan Galadima ga Sarkin Rafi ga Doguwa, kaya a shirye. Na ƙi. A garin da Iya, shugabar 'yan bori, ke da sarautarta, ga takwararta Innar Gobir nan kusa a Tsibiri, waɗannan sunaye ba kayan ado ba ne, masu yi da gaske suke yi, masu ƙi ma da gaske suke ƙi, ni kuwa in na ɗauko su aro kawai na yi, bambancinsa da aron takobi kaɗan ne.

26 ga Mayu

Zafi, kuran na zuwa yana tafiya, waya ta mutu sau biyu ina tsakiyar bugawa, na koma kaye da bik. Babi 5 sun kammala.

Na samu mai labarin. Yarinya ce 'yar gidan sarauta, ɗiyar ɗaya daga cikin 'yan rumbu, sanƙarau ya kama ta tana shekara 7 a irin wannan lokaci na bazara ya tafi da jinta. Tunda ba ta jin kirari, ba ya kama ta, ba a ƙara mata ba a rage mata, ita kaɗai ce a gidan jikinta nata ne. Ban sa mata suna ba har yanzu kuma ina jin haka zan bar ta.

Wahalar da na jawo wa kaina ita ce na ce duk babin da ita ke ba da labari ba za a ji sauti ko ɗaya ba. Sai da na fara na san yadda Hausa ta dogara da kunne. Abu ya faɗi tim, ƙofa ta rufu garam, an mare shi tas, duk na bi na soke, har "ya ce" sai da na yi ta kokawa da shi, don ita ba ta jin an ce, gani take baki ya motsa ko hannu ya yi magana. Abin da ya rage mini su ne na ido da na fata, baƙi wuluk, fari fat, santsi sumul, sanyi ƙalau, sai wari da ƙamshi. Na je wajen wasu kurame da ke zama kusa da babbar kasuwa na yi kwana uku ina kallon maganar hannu, suka yi ta yi mini dariya, ɗaya ya nuna mini alamar da suka sa mini, mai tabarau mai baki buɗe. Babi na 4, inda take kallon hawan salla tana ganin bakin maroƙi na buɗewa ubanta kuma na lanƙwashewa a hankali a gabanta ba tare da ta ji komai ba, shi ne abu na farko da na rubuta a rayuwata da na san ban tsinto shi a wani wuri ba.

7 ga Yuli

An fasa mini ƙwai a fadarmu ta shan shayi. Ina karanta musu babi na 6 ana zuba shayi na biyu, sai mai gyaran wayar nan da ko littafi ba ya karantawa ya ce, tsaya mushe, kai ka taɓa tsayawa kusa da tambari? Na ce eh. Ya ce a kunne ka ji shi ko a ƙirji? Fada ta yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Gaskiyarsa, kurma na jin ganga a ƙirji da tafin ƙafa, kuma mu a wurinmu ganga magana take yi, kalangun mahauta kirari yake, gangar noma kirari take, tambarin sarki ma haka. Kenan yarinyata ba ta tsira ba, ginin duka ya tsage.

Kwana goma ban taɓa kayen ba. Na yi tunanin in ce a garin ba a kiɗa sai baki, amma wannan gudu ne, kuma wane irin garin Hausawa ne babu ganga.

Mafitar daga harshen kansa ta fito. Ganga ba ta furta baƙi da wasali, hawa da saukar murya kawai take ɗauka da tsawon gaɓa, mai saurare ne ke cika kalmomin don ya riga ya san take. Ka ce giwa, ka ce kura, ka ce gona, ka ce rana, a bakin kalangu duk abu ɗaya ne. Zaki da doki ma haka. To kowa a garin ya haddace taken tun yana yaro, da ya ji kiɗa kalmar da aka saba ce ke faɗo masa, ba shi da zaɓi. Ita kuwa jinta ya tafi kafin a koya mata taken gidansu, tana da kalmomi amma ba ta da haddar, don haka in tambari ya bugi ƙirjinta ita ke zaɓen abin da ya ce. Makaɗi ya buga giwa don sarki, ita ta karɓa da gona, damina ta yi kyau a gonar ubanta, sarki ya tashi fanko. Na rantse da na gano wannan sai da na fita waje cikin yayyafi na zagaya gida. Na saya wa mai gyaran waya sukari da ganyen shayi na jika guda, ya ce a sa sunansa a littafi, na ce sai dai in sa shi cikin 'yan rumbu.

4 ga Satumba

Ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta. Wanda ke Maraɗi ba sai an ba shi labari ba, an rasa rayuka, gidajen ƙasa sun zube, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya mayar wa mutane da alheri. Mu katangar baya ce ta faɗi, ruwa ya shiga ɗakina, kaye na biyu ya jiƙe, babi na 9 zuwa 11 tawada ta narke sai shuɗin tabo. Ba abin kuka ba ne in ka dubi maƙwabta da ke kwana a azuzuwan lakwal.

Muna kwashe laka Kaka ke ba mu labarin da uwarta ta ba ta na ambaliyar 1945, lokacin Maraɗi na can ƙasa cikin fadamar gulbi, ruwa ya cinye gari, daga baya aka hau da shi bisa tudu inda muke yanzu. Ta ce da munka taso tsofaffi in sun ce gari, wancan na ƙasa suke nufi. Ina jin ta ina kwasar laka, kuma kunya ta kama ni don kaina ya riga ya tafi littafi: gari ma ai ana yi masa kirari. In an ce Kano tumbin giwa, a duniyata wa zai biya? Su wa ne 'yan'uwan gari na jini in ba ƙauyukan da suka haife shi ba? Kenan duk shekarar da aka wasa birni, rijiyoyin ƙauye ne ke ƙafewa, samarinsu su kwashe su taho birnin neman abinci, su kuma tsaya cikin taro suna tafa wa maroƙin. Na rubuta wannan a bayan takardar magani don babu busasshen kaye a gidan.

20 ga Oktoba

An ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar, na samu sarari. Babi 14 yanzu, 9 na cikin waya, ukun da ruwa ya ci na sake su kuma na 10 ya fi na da, na 11 kam bai kai ba, akwai wata magana da alƙali ya yi wadda na kasa tunowa kuma duk abin da na sa a gurbinta sai in ji kamar faci.

Na tura babi 3 na farko a wani gurup na WhatsApp na masu karatu, yawancinsu mata. Na zaci za a ce ina soyayya ina yaƙi, an faɗa ɗin, mutum biyu sun ce ba su gane komai ba. Amma wata baiwar Allah ta turo murya ta ce malam wannan littafi da gidanmu kake, mu tara ne aka cire daga lakwal don a karantar da mutum ɗaya. Wata ta ce ita ce 'yar rumbun gidansu, shekara 6 tana aikatau ana tara wa yayarta kayan ɗaki. Da na rubuta wannan kai tsaye, gidan Alhaji wane da 'ya'yansa, da an ce habaici nake ko a nemi sanin da wa nake, amma da yake garin babu shi sai kowa ya shiga ya nemi ɗakinsa.

Abin da ya tsaya mini yanzu murya ce. Yawancin mutanenmu saurare suke ba karatu ba, dole a ɗauki littafin a murya, to yaya za a karanta babin kurma da baki? Na gwada in sa ƙanwata ta karanta nata babin a hankali ba hawa ba sauka, ya fito kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Na gwada sa kalangu can ƙasa-ƙasa a bayan muryar, wannan ya fi, sai dai wanda ya buga mana ɗan makaɗan mahauta ne kuma hannunsa na komawa taken da ya saba, duk wanda ya sani zai ji kalmomin, abin da nake gudu kenan. Wani kuma ya tambaya ko za a juya shi Faransanci, na ce ya fara gaya mini yadda giwa da gona za su zama abu ɗaya a can.

Ranar Laraba in Allah ya kai mu za ni Tsibiri, an haɗa ni da wani tsoho cikin makaɗan fada, ina so in ji ko akwai take biyu da kiɗansu ya zo ɗaya har a taɓa rikicewa, don babi na 15 a kan haka ya rataya. Kaka ta ce in tafi da goro kada in je hannu rabbana, kuma in cire tabarau in zan gaishe shi.